Abin da Ake Kafawa a Shataletale da Rigimar da Yake Haifarwa

A watan Yunin 2023, makonni kaɗan bayan sabuwar gwamnati ta kama aiki a Kano, an wayi gari an rushe dogon ginin da ke tsakiyar shataletalen ƙofar Gidan Gwamnati, wanda gwamnatin da ta gabata ta gina a 2017 don tunawa da cikar jihar shekara 50 da kafuwa. Hujjar da hukuma ta fara bayarwa ita ce ginin ba shi da inganci, kuma tsayinsa yana tare wa direbobi da masu tsaro gani. Daga baya wani babban jami'in gwamnatin ya ƙara da cewa idan aka dubi zanen daga sama ana ganin alamar gicciye a jikinsa. Masu adawa kuwa suka ce duk wannan kame-kame ne, manufar ita ce a shafe duk wani abin da zai tuna wa jama'a da gwamnatin da ta shuɗe. Cikin 'yan kwanaki kaɗan maganar gini guda ta haɗa addini da siyasa da kuɗin jama'a da tsaron hanya, kuma ƙurar ba ta tsaya a Kano ba, domin har a majalisun hira na Birnin Kebbi da Argungu da Jega an tayar da jijiyar wuya a kanta, wasu suna cewa an yi daidai, wasu suna cewa an yi ɓarna da dukiyar talakawa sau biyu, sau ɗaya wajen ginawa, sau ɗaya wajen rushewa.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a ranar 27 ga Agusta 1991, Birnin Kebbi yake ta faɗaɗa, ana buɗe sabbin tituna, ana yin shataletale, ana gina ƙofofin shiga gari, kuma kowace gwamnati da ta zo tana son ta bar abin da za a nuna a ce a zamaninta aka yi. Haka abin yake a hedikwatocin ƙananan hukumomi. Saboda haka tambayar abin da ya dace a kafa a bainar jama'a za ta ci gaba da tasowa, ko mun shirya mata ko ba mu shirya ba. Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa hujjarsa a nan, shi ne mafi yawan rigimar da irin waɗannan ayyuka suke jawowa tana tasowa ne daga rashin tambayar mutanen da za su zauna da abin, kuma ɓangaren da muka fi tsoron taɓawa, wato ɓangaren addini, shi ne wanda malamanmu suka riga suka shimfiɗa masa ƙa'ida tun da daɗewa.

Kafin a je ga wannan, ya kamata a gane abin da ya bambanta zane ko sassaƙa da aka ajiye cikin ɗaki da wanda aka kafa a mararraba. Wanda ya shiga gidan tarihi na Kanta da ke Argungu da ƙafarsa ya je, ya san abin da zai tarar, idan bai so ba sai ya yi zamansa a gida. Amma abin da aka dasa a tsakiyar hanyar da take kai mutum kasuwa ko masallaci ko asibiti, dole ne ya gan shi safe da yamma, shi da 'ya'yansa, har tsawon shekaru. Da kuɗin jama'a aka yi shi, a filin jama'a aka kafa shi, kuma baƙon da ya shigo gari zai ɗauka cewa abin da mutanen garin suke girmamawa ke nan. Wato abin yana magana da yawun kowa. Wanda aka yi magana da yawunsa ba tare da an tuntuɓe shi ba, yana da haƙƙin ya nuna ɓacin ransa, ko da kuwa abin da aka yi ɗin yana da kyau a ido.

A ƙasarmu ta Kabi da Gwandu, kamar yadda yake a Zamfara da Sakkwato, abu na farko da mutum zai tambaya idan ya ji za a kafa mutum-mutumi shi ne hukuncin shari'a, kuma wannan tambaya tana da tushe mai ƙarfi wanda bai kamata wani ɗan boko ya yi mata kallon ƙauyanci ba. A cikin Suratu Nuhu, aya ta 23, an ambaci gumakan mutanen Annabi Nuhu guda biyar: Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru. Bayanin da aka ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas shi ne waɗannan sunayen mutanen kirki ne, da suka rasu sai jama'arsu suka kafa siffofinsu a wuraren da suke zama don a riƙa tunawa da su, kuma ba a bauta musu ba sai bayan wannan tsara ta ƙare, aka manta dalilin kafa su. Duk wanda ya natsu zai ga cewa hujjar da ake bayarwa a yau wajen kafa mutum-mutumin wani gwarzo, wato a karrama shi, a tuna da shi, ita ce dai hujjar da waɗancan mutane suka fara da ita. Ga kuma hadisan da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da tsananin azabar masu yin siffofi, da umarnin da Sayyidina Aliyu ya isar cewa kada a bar wata siffa ba a shafe ta ba, kada a bar kabarin da aka ɗaukaka ba a daidaita shi ba. Malamin da ya tsaya a kan mumbari ya ce bai yarda a kafa siffar mutum a mararraba ba, a kan waɗannan nassoshi yake tsaye.

Sai dai a nan ne ake yawan yin kuɗin goro, a ɗauki duk wani abin ado da aka kafa a hanya a kira shi gunki. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ce aka gada a wannan ƙasa, sun rarrabe al'amarin dalla-dalla. Abin da suka haramta shi ne siffar abu mai rai, mutum ko dabba, wadda take da jiki har tana yin inuwa, kuma gaɓoɓinta sun cika. Idan siffar a shafe take, kamar wadda aka zana a bango ko a takarda ko a tufa, mafi yawansu sun tsaya ne a kan karhanci, ba su kai ta ga haramci ba. Idan kuma an rage mata wata gaɓa wadda mai rai ba zai rayu ba sai da ita, hukuncin ya sauka daga haramci. Sun kuma keɓe 'yartsanar da 'yan mata suke wasa da ita. Abin da ba shi da rai kuwa, kamar itace da dutse da jirgi da kayan aiki, babu saɓani a kan halaccinsa, domin shi Ibnu Abbas ɗin ne ya gaya wa wani mai sana'ar zane cewa idan ba makawa sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Wannan rarrabewa ce ta sa hukumar Hisba ta Kano, lokacin da ta tayar da maganar mutum-mutumin da teloli da masu shagunan tufafi suke rataya wa kaya a 2021, aka ji ana batun cire musu kai, domin wanda ba shi da kai ya fita daga siffa cikakkiya.

Idan aka auna abubuwan da mutanen Kebbi za su so su gani a mashigar garuruwansu da wannan ma'auni, za a tarar mafi yawansu ba su da wata matsala. Gora da homar masunta, kwalekwale, damin shinkafa, buhun albasar Aliero, allo da tawada da alƙalami, takobi da garkuwa, tambari da kakaki, galma da lauje, duk ana iya ƙera su da girman da ake so ba tare da wani malami ya ɗaga murya ba. Inda za a sami taƙaddama shi ne siffar masunci da kansa, ko ta giwan ruwan da ya rungumo, ko ta doki da mahayinsa, domin su ne masu rai. Wannan kuwa yanki ne ƙarami idan aka kwatanta da faɗin abin da aka halatta. Birnin Jidda na Saudiyya ya bi wannan hanya tun a shekarun 1970 da 1980, lokacin da magajin garin, Muhammad Sa'id Farsi, ya cika shataletalen birnin da bakin teku da ɗaruruwan ayyukan ƙira, ciki har da wani ƙaton keke da manyan fitilu irin na tsofaffin masallatai, kuma mafi yawansu ba su da siffar mai rai. Alhazanmu da suka bi ta can sun gan su da idonsu. A ɗaya ɓangaren, a Doha ta ƙasar Ƙatar, an kafa wani mutum-mutumi mai tsayin mita biyar a bakin teku a watan Oktoban 2013, yana nuna lokacin da ɗan ƙwallon Faransa Zidane ya tunkuyi Materazzi na Italiya a wasan ƙarshe na cin kofin duniya na 2006, kuma bai cika wata guda ba aka ɗauke shi saboda ƙorafin jama'a cewa gunki ne kuma yana ɗaukaka faɗa. Ƙasashen biyu maƙwabtan juna ne, al'adarsu kusan ɗaya, amma wanda ya lura da iyakar da mutanensa suka sani ya zauna lafiya da ayyukansa.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne mu da kanmu muna da gadon ado mai zurfi wanda ya tsiro cikin wannan iyaka, amma idan aka tashi ƙawata gari sai a tsallake shi. Maginan Hausa sun daɗe suna yi wa fuskar zaure ado da zanen dagi da sauran zane-zane masu sarƙaƙiya, suna ɗora zankwaye a kusurwar soro. Masu zayyana suna ƙawata allon sauka da gefen Alƙur'ani da launuka. Masu sassaƙar ƙwarya da dukawa da masu ɗinkin babbar riga kowannensu yana da nasa zanen, aska takwas da sauransu, wanda duk Bahaushe zai gani ya gane nasa ne. Waɗannan mutane suna nan da ransu a garuruwanmu. Amma kwangilar shataletale takan tafi ne ga kamfanin da ya yi titin, shi kuma ya ɗauko wani zane da ya gani a wani wuri, ya zuba kankare, ya manna tayil, ya shafa fenti. Sakamakon shi ne abin da bai saɓa wa addini ba, bai kuma gaya wa kowa komai ba game da garin da aka kafa shi.

Duk da haka, kuskure ne a yi magana kamar Jihar Kebbi murya ɗaya gare ta. Masarautu huɗu ne a cikinta, Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, kuma a ƙasar Zuru akwai Musulmi da Kirista da masu bin addinin gargajiya, sau da yawa a cikin dangi ɗaya. Dakarkari, waɗanda suke kiran kansu Lelna, an san su da tukwanen kabari da mata suke ginawa da yumɓu cikin siffar mutane da dabbobi, ana ɗora su a kan kaburburan manyan mutane kamar sarakuna da mafarauta da gwanayen kokawa. A wurinsu siffa wata hanya ce ta girmama mamaci da aka gada kaka da kakanni. Ba zai yiwu a auna abin da mutanen Zuru suke so su kafa a filin bikin Uhola da ma'aunin da za a auna abin da za a kafa kusa da hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu ba. Adalci a nan shi ne a bar wa kowane gari babban rabo wajen yanke hukunci a kan filinsa, a kuma fi yin taka-tsantsan a babban birnin jiha, inda kowa yake da haƙƙi. Yana da kyau a tuna cewa raina waɗannan kayayyaki bai kare imanin kowa ba, ɓarayi kawai ya buɗe wa ƙofa. An kwashe tukwanen Dakarkari da yawa zuwa kasuwannin Turai, haka kuma tsofaffin siffofin yumɓun da aka haƙo a yankin Kwatarkwashi na Zamfara, har ta kai a shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sanya irin waɗannan kayan na yankunan Sakkwato da Katsina cikin jerin waɗanda ake gargaɗin kada a saye su. Mutum yana iya ƙin a kafa siffa a mararraba, kuma ya yarda a adana ta a gidan tarihi don ilimi. Matsayin biyu ba sa karo da juna.

Bayan addini sai tarihi, kuma a nan ne nake ganin Kebbi take da tabon da ya kamata a riƙa taɓawa a hankali. Idan aka ce a karrama gwarzon jiha a tsakiyar Birnin Kebbi, wa za a zaɓa? Bakabe zai ce Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16, ya gina birnin Surame, ya fitar da ƙasarsa daga ƙarƙashin Songhai. Mutumin Gwandu zai ce Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda rundunarsa ta ci Birnin Kebbi a 1805. Garin da yake babban birnin jiha a yau, inda fadar Sarkin Gwandu take, shi ne tsohuwar hedikwatar Kabawa da aka fitar da su daga cikinta, suka koma suka kafu a Argungu, suka kuma ci gaba da fafatawa da Gwandu da Sakkwato har zuwan Turawa. Bikin kamun kifin da muke alfahari da shi, wanda UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun duniya a 2016, ya samo siffarsa ta yanzu ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, ziyarar da aka ɗauka a matsayin rufe babin wannan tsohuwar gaba. Magabatanmu sun yi hikima da suka zaɓi biki ya zama abin tunawa da sulhun, domin biki kowa yana shiga cikinsa, mutum-mutumi kuwa mutum ɗaya yake ɗagawa sama da saura. Har wa yau, wanda ya san halin Malam Abdullahi, mutumin da ya taɓa barin rundunar jihadi ya nufi gabas saboda takaicin yadda ya ga son duniya da ƙawa sun fara shiga zukatan abokan tafiyarsa, ya san cewa kafa masa siffa cin zarafin abin da ya rayu a kansa ne. Hanyar da muka saba karrama manya da ita ita ce sanya suna, kamar yadda aka yi da asibitin Sir Yahaya da kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru, sai kuma waƙar makaɗan fada da take riƙe sunan mutum a bakin jama'a.

Ƙasashen da suka saba da kafa siffofin manyansu suna fama da irin wannan tabo a yanzu. A Jami'ar Cape Town ɗalibai sun tilasta an ɗauke mutum-mutumin Cecil Rhodes, jigon mulkin mallakar Birtaniya, a ranar 9 ga Afrilu 2015. A Jami'ar Ghana an cire na Gandhi, jagoran neman 'yancin Indiya, a Disamban 2018, shekara biyu da kafa shi, bayan malaman jami'ar sun kawo kalaman ƙasƙanci da ya rubuta a kan baƙaƙen fata lokacin zamansa a Afirka ta Kudu. A birnin Bristol na Ingila masu zanga-zanga sun tumɓuke na Edward Colston, attajirin da ya yi dukiya da cinikin bayi, suka jefa shi cikin ruwa a ranar 7 ga Yuni 2020, bayan an shafe shekaru ana roƙon hukuma ta ƙara rubutu a jikinsa da zai faɗi gaskiyar sana'arsa, ba a yi ba. A duk waɗannan wurare ba tagullar ce ta canja ba, jikokin waɗanda aka zalunta ne suka sami bakin magana.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce take fi harzuƙa talaka. A watan Oktoban 2017 gwamnan Imo na lokacin, Rochas Okorocha, ya buɗe mutum-mutumin shugaban Afirka ta Kudu Jacob Zuma a Owerri, jaridu suka ruwaito cewa an kashe masa naira miliyan 520, a daidai lokacin da 'yan fansho na jihar suke kukan ba a biya su haƙƙinsu ba, shi kuma Zuma yana fuskantar zarge-zargen cin hanci a ƙasarsa, har ya sauka daga mulki bayan wata huɗu. A Dakar, babban birnin Senegal, ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne, Shugaba Abdoulaye Wade ya buɗe wani ƙaton mutum-mutumin tagulla mai tsayin kusan mita 50 a watan Afrilun 2010, siffar namiji da mace da yaro, wanda wani kamfanin Koriya ta Arewa ya ƙera a kan kimanin dala miliyan 27. Limamai sun soke shi a huɗubobinsu saboda siffa ce kuma tufafin macen ba su rufe mata jiki ba, 'yan adawa sun soke shi saboda tsadarsa a birnin da ake fama da ɗaukewar wuta da ambaliya, masu fasahar ƙasar sun soke shi saboda an tsallake su an ɗauko baƙi, sannan shugaban ya ƙara wa wutar fetur da ya ce kashi 35 cikin ɗari na kuɗin da masu ziyara za su biya nasa ne, tunda shi ya kawo tunanin.

Ba na cikin masu cewa kada a kashe ko kwabo a kan ado sai an gama da yunwa da rashin tsaro. Idan aka bi wannan, babu ranar da za a ƙawata gari, kuma talaka ma yana son ya ga garinsu da kyau. Matar da take jera kwanoni a ɗakinta ba don ta fi kowa wadata take yi ba. Amma a jihar da ambaliyar Gulbin Kabi da ta Neja take cinye gonakin shinkafa, kuma mutanen yankin Danko-Wasagu suke barin ƙauyukansu saboda 'yan bindiga, wajibi ne kuɗin ado ya zama daidai wa daida, a kuma faɗe shi a fili. Abin da yake sa zargi ya yi ƙarfi shi ne aikin fasaha ba shi da sanannen farashi. Kowa yana iya ƙiyasta kuɗin buhun siminti ko na rijiyar burtsatse, amma babu mai iya cewa ga abin da ƙaton kwalekwalen ƙarfe ya kamata ya ci, don haka irin wannan kwangila takan zama wurin da ya fi sauƙin cusa ƙari. Maganin wannan shi ne a bayyana adadin da sunan wanda aka ba aikin kafin a fara, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 an yi ta ne domin irin wannan tambaya.

Akwai kuma haƙƙin mai fasahar da na masu amfani da wurin, kuma shari'ar da ta fi fito da wannan a fili a Amurka aka yi ta. A 1981 mai fasaha Richard Serra, wanda gwamnatin ƙasar ta ba aikin, ya kafa wani bangon ƙarfe mai lanƙwasa, tsawonsa kimanin mita 36, tsayinsa fiye da mita uku da rabi, a tsakiyar wani fili da ke gaban ofisoshin gwamnati a New York. Ma'aikatan wurin suka ce ya tare musu hanya, ya hana su shan iska a filin. Aka yi zaman sauraron jama'a a 1985, mutum 122 suka nemi a bar shi, 58 suka nemi a cire, amma kwamitin ya yanke a cire. Serra ya kai ƙara yana cewa don wannan fili ya ƙera aikin, ɗauke shi daidai yake da lalata shi, bai yi nasara ba, aka yanka bangon aka kwashe cikin dare a watan Maris na 1989. Da an yi wannan zama na sauraron jama'a kafin a narka ƙarfen, da an huta da rigimar shekara takwas. Darasin ya shafi shataletalenmu ta wata fuska mai sauƙi: abin da aka kafa a tsakiya idan ya yi tsayi da faɗi har direba ko ɗan acaɓa ba ya hango wanda yake shigowa ta ɗaya ɓangaren, to ya zama haɗari komai kyansa, kuma direbobin tasha da jami'an kiyaye haɗurra sun fi mai zane sanin wannan.

Idan kuwa an riga an kafa abu kuma jama'a suka ƙi shi, hanyar cire shi ma tana da ladabi. Ba aikin gungun matasa ba ne su ɗauki guduma su zartar da hukunci, ko da suna ganin addini suke karewa, domin malamai sun bar gyara da hannu a irin wannan wuri ga hukuma, kuma duniya ta ga inda ɗaukar doka a hannu ya kai a Timbuktu a 2012, lokacin da masu ɗauke da makamai suka rushe hubbarorin waliyyai, har kotun duniya ta ɗaure ɗaya daga cikin jagororinsu shekara tara a 2016. Haka kuma bai dace hukuma ta aiko da katafila cikin dare ta bar mutane su wayi gari da tarin ƙasa ba, domin wannan yana koya wa gwamnati mai zuwa ta yi wa ayyukan wannan irin abin da ta yi wa na wadda ta gada. A Bristol an tsamo mutum-mutumin Colston daga ruwa aka kwantar da shi a gidan tarihi, da fentin da masu zanga-zanga suka watsa masa, tare da bayanin abin da ya aikata, kuma wannan hanya ce da za ta yi aiki a nan. Gidan tarihi na Kanta, wanda shi ne fadar Sarkin Kabi har zuwa 1942 kafin a mayar da shi gidan tarihi a 1958, wuri ne da zai iya karɓar abin da bai dace da mararraba ba.

Abin da nake ganin ya kamata jiha da ƙananan hukumomi su ɗauka a matsayin ƙa'ida ba shi da tsada. Kafin a ba da kwangila, a fitar da zanen a manna shi a sakatariya da fadar hakimi, a karanta bayaninsa a rediyo da Hausa, da C'lela, harshen Dakarkari, ko Zabarmanci ko Fulatanci inda ake jin su, a ba mutane wata guda su yi magana. A zaunar da wakilin masarauta da malamai da shugabannin coci inda suke, da sarkin magina da maƙera da masu zayyana, da shugabannin direbobi da 'yan kasuwar da suke kewaye da wurin, mata a cikinsu, tunda su ma ta nan suke wucewa. A buɗe gasa ga masu zane na jiha da ɗaliban sashen zanen gine-gine, a ba da fifiko ga abin da hannun mutanen gari zai iya yi kuma zai iya gyarawa. A kuma rubuta tun farko wace hukuma ce za ta kula da abin bayan an yanke ƙyalle, da nawa aka ware mata duk shekara, domin mafi yawan kayan adon hanyoyinmu ba rigima ce take kashe su ba. Famfon da aka yi don ya riƙa feshin ruwa yakan ƙafe cikin shekara guda, a sace fitilun, tayil ya ɓamɓare, sannan lokacin zaɓe ya zo a lulluɓe abin da ya rage da fastocin 'yan takara, kuma idan aka tambaya, ma'aikatar ayyuka takan ce na hukumar raya birane ne, ita kuma ta ce ba a miƙa mata ba.